Gidan da Aka Bar wa Bosa

Negotin, 14 ga Fabrairu, 1982

Ƙanena Tika,

Gaisuwa mai yawa gare ka, da matarka Smiljana, da 'yar ƙaramarku Dana. Ina fata sanyin Jamus bai ƙarasa ku ba. Mu nan muna lafiya, irin tamu lafiyar. Baba yana nan yadda ka bar shi bara waccan: ɓarin dama shiru, ɓarin hagu masifa. Gyambon da kwanciya ta fitar masa a ƙugu ya fara kamewa, don sau huɗu nake juya shi a rana, bayana ne kaɗai ya san nauyinsa. Kalmominsa har yanzu ukun nan ne: ruwa, Tika, da zagin nan da ba zan rubuta a takarda ba. Ka lura babu sunana a ciki.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Ranar Juma'a ina cinikin albasa a kasuwa sai ga Malama Jelisaveta, malamar ajinmu. Ta tsufa, Tika, amma muryar tana nan, tana kiran sunana na ji na miƙe tsaye kamar ban yi aikin gida ba. Wai bana shekara goma da gama sakandarenmu, za a yi taro ranar Asabar, biyar ga Yuni. Za a buɗe mana ajinmu na da, kowa ya koma bencinsa, ta ɗauko tsohuwar rajista ta bi suna ɗaya bayan ɗaya, wanda aka kira ya tashi ya faɗa wa aji abin da ya zama. Wanda bai zo ba, wani nasa ya amsa masa. Ka ga ke nan sau biyu zan tashi, tunda tagwaye ko a rajista a jere suke: Paunović Bosiljka, Paunović Tihomir. Naka mai sauƙi ne, Jamus, mata, 'ya, mota, in zauna. Nawa ne ban san ta inda zan kama ba.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ja ni bayan rumfar mai cuku ta ce wani tsohon ɗalibinta yana shugabantar ɗakin gwaje-gwaje a wani asibiti a Belgrad, kuma yana neman mataimakiya daga ɗaya ga Satumba. Akwai ɗaki a gidan ma'aikata, kuma ana barin mutum ya yi karatun haɗa magunguna yana aiki. Karatun nan dai da aka ɗauke ni a 1972, wanda takardarsa ke kwance cikin akwatin marigayiya Mama. Ta riga ta ba da sunana ba ta ko tambaye ni ba, ka san halinta. Amsa take so ranar taro, don mutumin ba zai jira ya wuce tsakiyar Yuni ba. Ta ce, "Bosiljka, kin kusa talatin. Wannan ne na ƙarshe da zan iya nemo miki."

Na dawo gida babu albasar.

Ka tuna dai yadda muka yi. Saura sati uku in tafi Belgrad Baba ya faɗi a gonar inabi, ɓarin jikinsa ya shanye. Muka zauna muka raba: ni in riƙe shi shekara biyu, kai ka je Jamus ka nemo abin magani, ka dawo ka karɓe ni in tafi karatu. Kai ka ce biyu, ba ni ba, har ka ɗaga mini yatsu ta tagar jirgin ƙasa. Ba gori nake yi maka ba. Amma na juya shekara goman nan gaba da baya, ban ga abu ɗaya da zan nuna in ce wannan nawa ne ba. Ko gadon da nake kwana a kai na Mama ne.

Ka rubuto da wuri. Ka sumbatar mini Dana.

Yayarka,
Bosa


Mannheim, 9 ga Maris, 1982

Yaya Bosa,

Minti ashirin ɗin nan da kika riga ni fitowa, har mu mutu ba za ki bari in huta da su ba. To, ina gaida manya. Muna lafiya. Dana ce ƙirjinta ya sake tashi, sati biyu tana shaƙar magani, amma likitanta na nan ya san kanta, yanzu har ta koma tsalle a kan kujera. Smiljana tana gaishe ki, tana nan tana sharar ofisoshi. Ni kuma tarin roba ne, duk wanda ke aiki a masana'antar taya yana da shi, ba ciwo ba ne, kayan aiki ne. Ki gaida Baba, ki ce masa Tika ya ji kira.

Na yi dariya da labarin Malama har Smiljana ta leƙo. Ashe tana raye! Matar da ta kama ni da taswirar Afirka a cikin littafin lissafi ta ce da ni ba za a yi komai ba sai yawon duniya. Ga shi kuwa bakinta ya kama ni, sai dai yawon a gari ɗaya ya tsaya. In ta kira sunana ki tashi ki ce Tihomir yana gaida kowa, ya yi ƙiba, gashi ya fara gudu. Kada ki ce taya nake cirowa daga wuta, ki ce ina harkar motoci. Ki duba mini ko Vukasin zai zo, wanda ya faɗi sinadarai sau biyu, an ce yanzu magatakarda ne a kotu. Duniya ke nan.

Zuwa a Yuni kam ba zai yiwu ba. Suna ta rage mutane, tun Kirsimeti an sallami biyar a layinmu, duk 'yan ƙasarmu da Turkawa. Wanda ya nemi hutu a irin wannan lokaci ya nemi sallama da bakinsa.

Maganar Belgrad kuwa, Malama ba ta canja ba, kullum tana shirya wa mutane rayuwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙarshen takardarki. Ke ce za ki ce ba ki da komai naki? Ke da kike riƙe da gidan nan kaf? Na karanta wurin ya fi sau biyar, na ji kunya. Gaskiyarki ne, mun bar ki kina aiki a gidan da ba a ce naki ba ne. Ki ba ni lokaci, zan gyara wannan, kuma gyara na gaske.

Na sa miki kaya a motar Ilija direba mai zuwa gida ƙarshen wata: gahawa, man shafawa na gyambon Baba, da takalmi baƙi mai tsini don ki je taro ki taka wa su Leposava na ajinmu rai. Lamba talatin da takwas, in ban manta ba.

Ƙanenki,
Tika


Negotin, 28 ga Maris, 1982

Tika,

Muna lafiya. Allah ya ƙara wa Dana sauƙi. Man ya yi wa Baba amfani, na gode. Takalmin ya matse ni, ƙafata ta buɗe, mai tsayuwa daga safe zuwa yamma ba ta zama a talatin da takwas.

Haba Tika. Na rubuto maka shafi uku, ka tsinci layi ɗaya ka riƙe, ka aiko mini da takalmi. Laifina ne da na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aron tukunya. Bari in faɗa maka a fili yadda ba za ka ce ba ka gane ba. Ina so in tafi Belgrad. Ina so ka dawo ka karɓi Baba. Ba har abada ba, shekara huɗu, in gama karatu. Ni na yi biyuna na ƙara takwas a kai.

Kada ka ce ban nemi wata hanya ba. Na je wurin Baffa Svetozar, ƙanen ubanmu guda, na ce ko za su ɗauke shi. Matarsa ta zuba mini gahawa ta yi ta ba ni labarin ciwon gwiwarta har ta huce. Na nemi mai kula, matan da za su iya duk suna can wajenku suna kula da tsofaffin wasu. Na je har gidan tsofaffi na gani da idona. Layin jira shekara biyu ne, kuma ko yau suka ce in kawo shi ba zan iya ba. Na ga wani tsoho an ɗaure shi da zani a kujera yana kallon bango. Na fito na zauna a tashar mota na yi kuka kamar yarinya.

Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ba wankin ba ne, ba ɗaukar ba ne. Jiya na ɗauko littafin sinadaraina na buɗe, abin da nake yi ido rufe a da, sai da na bi layi ɗaya sau uku. Kaina yana rufewa, Tika, ina ji yana rufewa. In na ƙara shekara biyar a nan, ko an buɗe mini ƙofa ba abin da zan fita da shi.

Ina son Baba, ka sani. Amma na gaji, kuma ina tsoro. Ka ba ni amsa, e ko a'a.

Bosa


Negotin, 2 ga Mayu, 1982

Tika,

Lafiya dai? Sati biyar ke nan. Mai kawo wasiƙu ya gaji da ganina a bakin ƙofa, yanzu tun daga nesa yake girgiza mini kai. In Dana ce ba lafiya ka faɗa mini, in fushi ka yi ka faɗa mini, in takardata ce ba ta iso ba ga abin da ke ciki: ka dawo ka karɓi Baba in tafi Belgrad.

Mu nan lafiya. Na yi wa inabi aski ni kaɗai, na shuka tattasai ban san wa zai gasa shi ba. Baffa Svetozar kuma ya tsiro da zuwa. Mutumin da sai ranar biki muke ganinsa, sau uku ke nan a sati biyu. Ya shiga wurin Baba ya rufe ƙofa, ya fito yana mini wani murmushi, ya tambayi inda takardun gida suke. Na tambaye shi lafiya, ya ce alheri ne, ɗan'uwana zai faɗa mini da kansa. Me kuke ƙullawa?

Bosa


Mannheim, 12 ga Mayu, 1982

Yaya Bosa,

Ki yi haƙuri da shirun, kowa lafiya. Aiki ne ya yi yawa, kuma ban so in rubuto ba sai abin ya nuna. Yanzu ya nuna.

Gidan naki ne, Bosa. Gidan, da gonar inabi, da filin bakin rafi, duka. Na je ofishin jakadancinmu na sa hannu cewa ba ni da haƙƙi a ciki, na aika wa Baffa. Shi kuma ya sa an rubuta yarjejeniyar nan ta riƙo har mutuwa, irin wadda tsohuwa Stana ta garinmu ta yi da jikanta: ke ki ci gaba da kula da Baba kamar yadda kike yi, in ya cika komai ya zama naki, ba mai iya taɓa ki, ko ni, ko Smiljana, ko 'ya'yan Baffa. Baba ya yarda, Baffa ya ce da ya yi masa bayani har hawaye ya yi. An ba ku ranar Talata, sha biyar ga Yuni, a gaban alƙali. Baffa zai kai ku a motarsa.

Kin san a garinmu mace ce ke zuwa kotu ta yafe wa ɗan'uwanta rabonta, haka Mama ta yi wa Kawu, haka kowa ke yi. To mu mun juya abin. Smiljana ba ta yi mini magana ba kwana uku, amma na ce mata wanda ya yi aikin shi zai ci. Yanzu in Malama ta kira sunanki ki tashi da ƙarfinki. Wa ke da gida da gona a ajin nan da sunansa?

Na ga takardunki biyu. Za mu yi maganar sauran in na samu zuwa, wataƙila a Agusta.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Tika


Negotin, 6 ga Yuni, 1982

Tika,

Muna lafiya. Baba yana lafiya. Takardarka ta zo tun sati biyu da suka wuce, na fara amsa sau huɗu ina yagawa, don abin da ke fitowa ba na aikawa ba ne. Yau zan ba ka labarin taro tukuna, tunda ka aike ni.

Na bar Baba da matar Baffa, wadda gwiwarta ta warke tun da aka fara maganar kotu. Mu talatin da ɗaya ne a rajista, goma sha bakwai muka zo. Bencin ya yi mana kaɗan, Leposava da cikinta na huɗu sai a kaikaice ta zauna. Sunanka da ka sassaƙa da kusa yana nan, an yi fenti a kai amma ana gani. Malama ta shigo da rajista a hammata, muka miƙe gaba ɗaya ba wanda ya ce mu miƙe. Da ta zo kan Milutin ba wanda ya amsa, babbar mota ce ta kife da shi a hanyar Austriya shekara uku da suka wuce. Ta wuce suna na gaba.

Kowa ya tashi ya faɗi nasa. Wanda muka ce zai zama likita yana sayar da tayil, wadda ba ta iya buɗe baki a aji ita ce ke karanta labarai a rediyon gari. Ana ta dariya. Ni kuwa tun daga harafin farko nake shirya abin da zan ce. Na yi niyyar in ce, daga Satumba ina Belgrad. Na ce in na faɗa a gaban mutum goma sha bakwai, dole ya zama gaskiya.

Ta ce, "Paunović Bosiljka." Na tashi. Ban buɗe baki ba sai Vukasin, magatakardan kotunka, ya ɗaga hannu daga baya kamar ɗan aji ɗaya, wai a ba shi izini ya faɗi abin da kunya ba za ta bar ni in faɗa ba. Takardar ta bi ta teburinsa. Ya bayyana wa aji kaf cewa Tihomir ya bar wa 'yar'uwarsa gida da gona, shi tun da ya fara aiki bai taɓa ganin namiji ya yi haka ba. Aka kama tafi, Tika. Leposava tana share hawaye tana cewa nata 'yan'uwan ko cokali ba su bar mata ba. Ina tsaye cikin takalminka mai matsi ana tafa maka. Da suka lafa na ce, "Ina gida. Ina kula da Baba." Na zauna. Aka kira sunanka na sake tashi na ce kana gaida kowa, kana harkar motoci. Aka sake tafi.

Malama ce kaɗai ba ta tafa ba. Da aka fito za a tafi cin abinci ta tsayar da ni a baranda ta tambaye ni ko wannan ce amsata. Na roƙe ta kwana goma. Ta ce ranar sha biyar da rana za ta kira mutumin, ko da ni ko ba ni. Ka ga ranar ta zo ɗaya da ta kotu.

Yanzu ka saurare ni. Abin da ka aiko ba kyauta ba ce. Na ce maka ina so in fita, ka sa an rubuta a takardar hukuma cewa ba zan fita ba sai Baba ya mutu. Kuma ka yi shi yadda ba zan iya ƙi ba. Duk gari ya sani, mai burodi ma sai da ya taya ni murna. In na tsaya gaban alƙali na ce ban sa hannu ba, me na ce? Na ce ba zan riƙe ubana ba, yana zaune a gefena yana ji.

Ko dai ba ka gane ni ba, ko ka gane sarai. Ban san wanne ya fi ciwo ba. Saura kwana tara. Takarda ba za ta iso ba, ka bugo wayar telegiram ta gidan waya, kalma biyu sun isa: zan zo. In na gan ta kafin Talata, zan san abin da zan gaya wa alƙali da Baba da Malama.

Bosa


Mannheim, 13 ga Yuni, 1982

Bosa,

Jiya takardarki ta iso. Muna lafiya. Na je gidan waya yau na tarar a rufe, Lahadi ce, kuma na ji daɗi da na tarar a rufe. Gara in faɗa miki wannan ma.

Na gane. Tun takardarki ta farko na gane, tun kafin in kai ƙarshenta. Na nemi layin da zan iya amsawa na riƙe shi, na bar wanda ba zan iya ba.

Ba zan zo ba, Bosa. Tun shekarar da na shigo suka rufe ƙofar ɗaukar ma'aikata daga waje, wanda ya tattara ya koma gida ba ya dawowa. Dana ba ta yin wata biyu ba a kai ta wurin likita ba. Smiljana ta ce in na koma in koma ni kaɗai. Duk wannan gaskiya ne, kuma da shi nake kare kaina in na kwanta. Amma akwai wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Zuwana na ƙarshe, ranar da kika je kasuwa kika bar ni da shi, ya ɓata jikinsa. Na ɗaga shi, na ga yadda ya koma, ya kalle ni yana kiran sunana. Na gyara shi, na zagaya bayan gida na yi amai. Awa biyu kacal, na ƙirga kwanakin da suka rage mini in gudu. Ke kin yi shekara goma. Ba zan iya ba, tsoro nake ji, kuma na san ba ki da wanda za ki ce wa haka.

Kada ki zaci ni na tsira. Ni da zan koyar da labarin ƙasa, shekara tara ina tsaye a taku uku na siminti, in buɗe murfi, in ciro taya, in rufe. Ɗaki biyu muke ciki a kan layin dogo. Bajamushen da muke aiki tare tun zuwana har yau bai iya faɗin sunana ba. Kullum cewa nake baɗi zan koma, Dana kuma da Jamusanci take mafarki. Na san wannan bai kai naki ba, ni ko banza ina fita in ga titi.

Gidan shi ne kaɗai abin da nake da shi da zan iya ba ki. Na san ba shi kika roƙa ba. In takardar nan ta riga Talata, kada ki sa hannu don ni. Na san ba za ta riga ba.

Ki yafe mini in kin iya.

Tika


Negotin, 4 ga Yuli, 1982

Ƙanena,

Ina gaida Smiljana da Dana. Takardarka ta zo ranar ashirin da ɗaya. Na gode da ka faɗi gaskiya, ko da ta makara. Ban san ko na yafe ba, ban samu lokacin dubawa ba. Baba bai yi lafiya ba, amma da sauƙi yanzu. Ga yadda aka yi.

Ranar Talata na jira mai kawo telegiram har ƙarfe tara, sannan na sa wa Baba farar rigarsa, ni da Baffa muka ɗauke shi zuwa mota. Alƙalin mutumin kirki ne, ya karanta komai a hankali yana duban Baba: abinci, wanki, magani, ɗumama ɗaki, jana'iza. Ya ce gidan zai zama nawa ranar da Baba ya rasu, ba kafin nan ba. Ya tambaye shi ko ya gane, ya gyaɗa kai, aka dangwala masa yatsan hagu. Ya juyo gare ni ya tambaya ko da son raina. Baba yana kallona yana murmushi da rabin bakinsa. Na sa hannu.

Washegari da la'asar Malama ta zo gida da kanta ta gaya mini an ba wata yarinya daga garin Kladovo wurin. Muna kicin, ƙofar ɗakin Baba a buɗe saboda zafi. Ka san yadda muke magana a gabansa kamar ba ya nan, kuma ka san muryarta. Ta faɗi komai, Belgrad, ɗakin, karatun, yadda na roƙe ta kwana goma. Ta ce, "Ke nan ba za ki fita gidan nan ba sai ranar da aka fitar da tsohon nan." Ba da mugunta ta faɗa ba, haushi take ji. Ni ban taɓa gaya masa maganar aikin Belgrad ba, ko sau ɗaya.

Ranar Alhamis da safe na kawo masa madara da burodi, ya datse baki. Na zaci zafi ne. Da rana na yi masa miyar kaza, ya kawar da kai bango. Ruwa ma da yake kira yini guda ya daina kira. Likita ya zo ya duba ya ce ba wani sabon ciwo, ya tambaye ni ko an ɓata masa rai. Baffa ya zo ya yi masa faɗa, ya rufe ido. Kwana huɗu, Tika. Leɓensa ya tsage, gyambon da na sha wuya a kansa ya fara buɗewa. Na gane abin da yake yi. Ya ji alƙali, ya ji Malama, ya haɗa. Hannu ɗaya gare shi da kalma uku, wannan ce kaɗai hanyar da ya ga zai buɗe mini ƙofa.

Zan faɗa maka abin da ba zan faɗa wa limamin coci ba. A rana ta uku ina wanke kwanon da bai taɓa ba, na ji wani abu a raina yana cewa Satumba ba ta yi ba tukuna, wataƙila yarinyar Kladovo ta fasa. Na ajiye kwanon na riƙe bakin tebur har abin ya wuce.

Ranar Litinin na durƙusa a gaban gadonsa da cokali a hannu. Na ce masa Malama ta tsufa, surutu take yi. Na ce ita ta ba da sunana ban sani ba. Na ce ni ban taɓa son Belgrad ba, hayaniya ce da hayaƙi, karatun ma na manta shi. Na ce gidan nan nake so, da inabina, da shi a ciki. Ya daɗe yana kallona. Sai da na rantse da kabarin Mama sannan ya buɗe baki. Ya sha cokali shida.

Yanzu yana ci, ƙarfinsa yana dawowa, likita ya ce zuciyarsa ta saurayi ce, zai iya shekara goma nan gaba. Abu ɗaya nake roƙonka, kuma wannan kam za ka iya. Ka rubuto masa takarda da hannunka, ka ce ka san ina jin daɗin zama a nan, in karanta masa. Kai yana yarda da maganarka. Ni bai gama yarda ba. Kullum da safe in na kawo abinci sai ya datse baki ya zuba mini ido, sai na sake faɗa masa cewa ba na son zuwa ko'ina, sannan ya ci.

Yayarka,
Bosa